Manomin da Ya Yi Kiwon Kwazazzabo

Kai da kake cewa mu naɗe hannu tunda an sa garinmu a cikin tsari, gyara zama ka ji abin da ya sami wani manomi. Gonarsa a gangaren tudu take, gadon ubansa, ƙasa baƙa wuluk wadda ya yi shekara da shekaru yana kai mata taki a kan jaki. Wata damina ruwa ya gangaro daga kan tudun, inda masu gawayi suka aske itatuwa tas, ya tsaga masa gonar da wata 'yar hanya wadda kaza za ta tsallake ba ta buɗe fiffike ba. Maganin abin kuwa ya san shi tun yana yaro: a jera duwatsu a gicciye, a dasa ciyawar jema a bayansu, in ruwa ya zo a guje ya yi tuntuɓe ya ajiye ƙasar da ya sato. Ya jera duwatsun ke nan, bai kai ga jemar ba, sai ga mota daga birni da mutane masu igiyar awo. Babbansu ya baza takarda a kan motar ya ce gwamnati ta yi gagarumin shiri, tun daga ƙoƙuwar tudu har bakin kogi: za a dasa itatuwa, a gina shingen dutse, a yi madatsar ruwa don shanu da noman rani. Magana mai daɗi, wallahi, har manomin ya yi kabbara. Sai mutumin ya duƙa ya duba 'yar tsagar, ya taɓe baki ya ce, "Baba, wannan ai ba ta kai ba. Sai ramin da ya haɗiye mutum a tsaye ake sawa a takarda." Ƙurar motar ba ta lafa ba mai unguwa ya sa aka kwashe duwatsun. "Za ka toshe wa gari arziki ne? Bar shi ya girma, ɗan'uwa, haƙurin damina ɗaya ne."

To, haka bawan Allah ya koma kiwon kwazazzabo a gonarsa. Ragon layya ma ba ya samun irin wannan gata. Da shekara ta zagayo aka zura mutumin da ya fi kowa tsawo a garin cikin ramin, ko hularsa ba a hangowa, aka yi murna kamar an yi haihuwa. Masu awo suka dawo, suka ɗauki ramin hoto, suka ba shi lamba, suka kafa masa allo, suka ja wa manomin kunne kada ya taɓa shi, don masu sakin kuɗi su same shi yadda yake a hoto. Abin da ba su lissafa ba shi ne ruwa ba ya jiran sa hannu. Kafin takarda ta tashi daga wannan tebur zuwa wancan damina ta faɗi, hanya ta yanke. Da suka zo da rani awon bara ya zama ƙarya, sai an sake. Ƙaramar hukuma ta ce ramin ya fi ƙarfinta, sai jiha, jiha ta duba ta ce wannan ai na tarayya ne. Dashen itatuwan kuma aka kawo su bayan an gama girbi, wai kada shekara ta ƙare ba a kashe kuɗin ba, awaki suka yi walima suka gode. Allon da kansa ya rufta ciki, aka kawo sabo aka kafa shi taku ashirin baya, alamar su ma sun san inda ramin zai kai baɗi. Manomin yana ji yana gani kunyoyin geronsa suna zubewa ɗaya bayan ɗaya, ga duwatsu can a gefe, ba dama ya ɗauka. In ya fito, maƙwabta su ce masa, "Ya kiwo?" In ya shiga gida, matarsa ta ce, "Malam, ka ba ragon gwamnati abinci yau, ko mu za ka fara ba?" A shekara ta biyar ɗan kwangila ya iso da siminti daidai da awon farko, ya gina 'yar katanga a tsakiyar ramin, tana tsaye ita kaɗai kamar haƙori ɗaya a bakin tsohuwa. Ruwan farko ya zo ya gaishe ta, ya bi ta gefe ya wuce.

Gona ta tafi, rumbu ba ya kaiwa watan azumi, sai manomin ya rataya fartanya ya gangara garin ƙasa neman ƙodago a fadamar wani mai albasa. Saran farko da ya kai, ƙasa ta buɗe baƙa wuluk. Ya damƙo ya shinshina. Ya ɗaga kai, sai ga tsohon allon nan mai lamba, an yi ƙyauren lambu da shi. Mai fadamar kuwa sai washe baki yake. "Da nan yashi ne zalla, malam. Shekara biyar ke nan duk damina ana aiko min da ƙasa daga sama, da takinta da komai. Ban san wane bawan Allah ne ba." Manomin ya karkaɗe hannunsa a jikin riga ya ce, "Na san shi. Yana gaishe ka." Ya duƙa ya ci gaba da nome gonarsa a kan kuɗin yini.

Don haka in gwamnati ta zo da aiki, a shimfiɗa mata tabarma, amma duwatsunka kada ka bari a kwashe. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce, a bari ya huce, shi ke kawo rabon wani.