Wadda Manaja Ya Sa

"Baba, worked zan rubuta ko have worked?"

Tsohon direban ya dubi 'yarsa, ya dubi wasiƙar da take rubuta masa zuwa kamfani. Wata uku ke nan da manaja ya karɓi makullin mota, ya ce ya je gida ya huta, za a neme shi. Har yau shiru.

"Uwata, cewa na yi ki rubuta na yi musu aiki shekara ashirin. Ina abin wahala a nan?"

"A Turanci kala biyu ne, Baba. In na sa worked, aikin ya ƙare ke nan. In na sa have worked, har yanzu kuna tare da su."

Ya cire hula, ya sosa ƙeya. Ba a ce an sallame shi ba, ba a kuma ce ya dawo ba. Kullum da safe sai ya goge takalmin aikinsa.

"Babu ta tsakiya?"

"Babu."

"Tsaya, ai manaja ya fi mu Turanci." Ya shiga ɗaki ya ɗauko takardar yabon da aka ba shi ranar, tana cikin leda, ko lanƙwasa babu. "Duba wadda ya sa, ki kwafa."

Ta karanta layin farko. Ta sake bi da yatsa tana neman have, ba ta gan ta ba. Baba na tsaye a kanta yana murmushi.

"Wacce ya sa?"

Ta ajiye biro a hankali. "Ku zauna tukuna, Baba."