Cen ɗin Mika'ilu

Kwana na tara ke nan cen ɗin babur ɗin Mika'ilu yana kuka kamar tsohuwar ƙofar langa-langa. Tun daga kwanar masallaci ake jin tahowarsa.

Abin ya ci masa rai, don duk 'yan okadan unguwar Sabo ta Ibadan sun san shi da tsantseni. Kullum da yamma zai ɗaga babur a zaure, ya wanke cen da kalanzir da tsohon buroshin haƙori, ya bari ya sha iska, ya ɗiga masa man giya ɗigo-ɗigo yana juya taya. Amma kafin ya kai Mokola da safe, ƙiii-ƙarr, cen ya bushe ƙayau.

Alhaji Dabo mai goro, wanda yake kaiwa Ojoo kullum, ya gaji.

"Mika'ilu, ina da iyali. Ran da cen ɗin nan ya tsinke da ni a titi fa? Ka gyara, ko in nemi wani."

Ya canza mai. Ya canza buroshi. Ya zargi mai sayar da man, ya zargi ruwan saman Ibadan, har kwalbar kalanzir ya harara don saurin ƙarewa. Ga kuma Inna, mahaifiyarsa, da likita ya hana zaƙi saboda ciwon suga. Sau uku a rana yake leƙowa gida ya duba ta, kullum ya tarar da ita a tabarma da carbi, baiwar Allah, tana tausaya masa.

"Ka bar shi haka mana, ɗan nan. Ƙarfe ne, ai dole ya yi ƙara."

Ranar Laraba da hantsi ya saduda. Ya ajiye girman kai ya kai babur wurin makanike, aka sa sabon cen, aka shafe shi da mai. Ya kamo hanyar gida yana murna, babur na tafiya sumul, ko kaza bai firgita ba.

Ya ɗaga labule. Inna na zaune da kwalbar lemo a cinya, fanke cike da baki, sikari har haɓa. Ta dube shi, ta haɗiye da ƙyar, ta haɗe rai.

"Wane mugu ne ya sa maka mai da rana tsaka? Da hannuna na wanke shi tas kana masallaci da asuba."