'Yar Tela a Ɗakin Allura

Yarinyar ta shige ƙarƙashin bencin asibiti ta ƙanƙame ƙafar bencin, wai sai dai shi a yi wa allurar.

Babanta tela ne. Ya durƙusa yana lallashi. "Haba uwata, allura ce fa irin tawa ta shago. Kin taɓa jin riga ta yi kuka?"

Ta yi nazari, ta fito, ta miƙa hannu kamar yadi.

Nas ta tsira mata ta cire. Ko uffan. Tela har ya fara hura hanci.

Yarinyar ta duba damtsenta, sai ta ɓare baki.

"Zafi ne, uwata?"

"Baba, ta manta zare. Ka ce ta sake kafin in warware."