Motar da Ya Ce a Kai Bola

Tutar tsere na sauka ya taka totur. Sabuwar motar ta yi ruri kamar zaki, ta tafi kamar tunkiya. Ɗari biyu kacal aka ƙera irinta, wai an ƙara wa injin ƙarfi, kuma wata guda ya yi yana cika baki a mashayar garin Dubbo.

Sai wata tsohuwar a-kori-kura ta wuce shi, karen tumaki a bayanta, ta baɗe shi da jar ƙura.

A ƙarshen fili ƙanwarsa ta leƙo ta tagar a-kori-kurar.

"Yaya, in jawo ka ne? Akwai igiya."

Ya kasa ɗaga kai. Marigayi babansu ne ya ɗaura injin a-kori-kurar nan da hannunsa. Shi yayan aka bar wa ita gado, ya ce a kai bola.