Ƙarfe a Wuyan Jumma

Cikin Jumma yana wata biyar ta fara kumbura kamar ana hura ta. Zoben hannunta sai da aka yanke shi, takalma suka ƙi shiga, fuska ta cika har idanunta suka ƙanƙance. Abin mamakin, malmala ɗaya ta tuwo ba ta iya cinyewa. Ga barci ba dare ba rana. Ga jin sanyi, a tsakiyar zafin Gombe na watan Afrilu tana ƙudundune cikin bargo a ɗakinsu na haya a Tudun Wada.

Mijinta Bamanga, wanda kuma ɗan bappanta ne, shi ya sa take ce masa Hamma, wato yaya, dillalin shanu ne. Tun yana yaro yake auna dabba da ido, kuma a iliminsa duk abin da ya yi ƙiba to ci yake yi yana kwanciya. Da wannan ilimin ya auna matarsa.

Wata Laraba ya dawo daga kasuwa ya tarar da hayaƙi ya cika tsakar gida. Tukunyar wake ta ƙone ƙurmus, Jumma kuwa tana zaune a gaban murhu tana gyangyaɗi. Da mari ya tashe ta.

"Hamma, wallahi ba da gangan ba ne," ta ce da wata murya mai kauri wadda ita kanta ba ta saba da ita ba. "Jikina ne ya mutu."

"Jikinki ya mutu? Dubi wuyanki! Kin ci kin ƙoshi kin zama bajimi, ni ina yawo a rana!"

Ya zaro igiyar shanu daga bayan babur ɗinsa ya shiga tsula mata. Ta dunƙule ta rufe cikinta da hannu biyu, igiyar tana sauka a bayanta da cinyoyinta.

Maƙwabciyarsu Nwakaego, wadda ake kira Maman Ify, mai sayar da atamfa, ita ta faɗo gidan ta riƙe igiyar.

"Malam Bamanga, ka ji tsoron Allah! Mace da ciki? Wannan ba ƙibar abinci ba ce. Ka duba gaban wuyanta yadda ya tashi. Ƙanwata ta yi irinsa. Ka kai ta asibiti a gwada jini."

"Maman Ify, fita mini daga gida. Mu ma muna da namu maganin."

Namu maganin shi ne Bappa Yuguda, ƙanen mahaifinsa, wanda ya yi suna a ruga wajen yi wa dabbobi sakiya. In kumburi ya fito wa saniya, sai ya gasa tsinken ƙarfe ya huda wurin, ruwa ya tsiyaye. Washegari da hantsi ya iso. Ya latsa wuyan Jumma da babban yatsa, ya gyaɗa kai.

"Mugun ruwa ne ya taru, shi ya bazu a jiki. In an huda za ta sace."

Jumma ta ga tsinken yana yin ja a cikin garwashi. Ta roƙe su da Allah da Annabi, ta yunƙura za ta gudu, nauyin jiki ya hana ta. Bamanga ya kayar da ita a kan tabarma, ya danne mata kafaɗu da gwiwoyinsa, ya riƙe haɓarta sama. Ihun da ta yi har bakin titi an ji shi.

Ba ruwan da ya fito. Jini ne ya ɓalle, ya wanke hannun tsohon, ya jiƙa tabarmar. Kafin Maman Ify ta samo Keke Napep, wani jinin ya fara biyo ƙafafun Jumma.

A asibiti an sha wuya kafin a tsayar da jinin wuyan. An ceto Jumma. Cikin kam ya zube, ɗa namiji, har da yatsunsa.

Da sakamakon gwajin ya fito, likitar ta kira Bamanga gefe. Ta bayyana masa cewa akwai wata 'yar halitta a gaban wuyan kowane mutum, tayirod sunanta, wadda take daidaita aikin jiki. Ta Jumma ta yi rauni. Shi ya kawo ƙibar, da barcin, da sanyin, da dashewar murya, da maƙoƙon da suka huda.

"Ƙwaya ce 'yar ƙarama, ana sha kullum da safe," in ji ta. "Mata da yawa suna shanta su haihu lafiya. Wannan shatin da ke bayanta kuma, wa ya yi mata?"



Bamanga da kansa ya karɓi ɗan a naɗe cikin farin ƙyalle. Ya tsaya a bakin gadon Jumma ya kira sunanta. Ta dube shi, ta dubi ƙyallen, sannan ta juya fuskarta bango. Ranar da aka sallame ta, gidan iyayenta a Gabukka ta wuce, kuma ba ta sake taka gidansa ba.

Jama'a, in mai ciki tana ƙiba fiye da abin da take ci, ga kasala da jin sanyi da kumburin wuya, ba lalaci ba ne, ciwo ne da gwajin jini yake ganowa. Ku kai ta awo, kada ku ɗaga mata hannu, kada kuma ku bar kowa ya kusanci jikinta da ƙarfe.