Irin Buk

Dokta Lukmanu ya buɗe tulun ƙarfe, hayaƙin sanyi ya taso, ya zaro tsinken roba mai ɗauke da iri. Shanun Alhaji Atiku sittin na tsaye a garke bayan Bagudo, suna jiran barbarar allura.

"Alhaji, ka dai ji sharaɗi," in ji likitan dabbobin. "Jikin ƙwan mace akwai sinadari kamar kwaɗon ƙofa, kan maniyyi kuma akwai mabuɗinai. In ba su dace ba, ko shekara ya yi bakin ƙofa ba ya shiga."

Alhaji bai saurara ba, don sauraro ba halinsa ba ne. Shi dai a ba shi maruƙan Turai masu madara. Ya ɗaga tsinken da aka kawo daga Benin, ya haɗa baƙaƙen Faransancin da ƙyar: BOUC.

"Buk! Sunan bajimin ke nan?"

"Sunan uban ke nan," in ji Lukmanu.

A makon nan Alhaji ya sa aka dandaƙe bijimansa kaf, kada su ɓata masa iri. Ranar kasuwar Illo ya cika kunnen kowa da irin Buk. Fataken Benin suka riƙa kau da kai suna cizon leɓe, shi kuwa ya ce hassada ce.

Damina biyu suka wuce, ko maraƙi ɗaya babu. Nono ya ƙafe, makiyaya suka watse. Alhaji ya tsaya tsakiyar garke yana huci.

"Juya! Duk juya na!"

Kalmar ba baƙuwa ba ce a bakinsa. Shekara talatin da biyar baya, ita ya jefi matarsa Dela da ita a bainar kasuwa, ya sake ta nan take, ta haye iyaka da kunyar da ba ta taɓa barinta ba. Har yau ba a yi suna a gidansa ba, amma a wajensa laifin kullum na mace ne.

Ya tattara shanun ya miƙa wa mahautan Kamba, yana hawaye.

Ran Juma'a Lukmanu ya hau babur ya tsallaka iyaka zuwa Segbana ta ƙasar Benin. Ya durƙusa gaban wata tsohuwa mai tsince shinkafa, ya ba ta labari tiryan-tiryan, zuciyarsa wasai.

"To mi ab Buk ɗin?" ta tambaya.

"Bunsuru na da Faransanci, Inna," in ji ɗan farin Dela cikin 'ya'yanta bakwai.