Rigar Baba Marar Aljihu

Kowa na tafi a wajen baje kolin ɗinkina a Jabi, ban da wata tsohuwa 'yar Chaina.

Rigunan goma sha biyun nan, duk na ɗauko samfurinsu ne daga wata rigar siliki da Baba ya taho da ita daga garinsu a Chaina. Shekara talatin tana ƙasan akwatinsa, bai taɓa sa ta ba. Mun ɗauka ji da ita yake yi.

Tsohuwar ta matso, ta shafa hannun rigata. "'Yata, ba maɓalli, ba aljihu, sai igiya. A wajenmu, a cikin irin wannan ake binne mutum. Ina mai ita?"

Bara muka binne Baba. Rigarsa kuwa, ga ta a jikina.